Gyaran ƙafar gaban Hilux a wani garejin Maradi: batun sandar Panhard

Motata Hilux ce mai jan ƙafa huɗu, ƙirar bayan 1997, lokacin da Toyota ta daina sa mata gatari guda a gaba, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin biyu, ta koma tsarin da kowace taya ke hawa da sauka ita kaɗai. A kan kwalta wannan tsari yana da daɗi, amma ni hatsi nake ɗauka daga ƙauyukan Dakoro da Madarunfa, kuma yashi da ramuka sun sa kusan kowace damina sai na canja kayan ƙafa. Shi ya sa na kai ta wani gareji a nan Maradi, aka cire ƙafar gaban duka, aka ɗaura mata gatarin tsohuwar Hilux, wanda kanikawanmu ke kira pon, tare da sifirin mai falle-falle, wato lam.

Kafin a gama aikin, direbobi biyu sun matsa mini cewa lalle sai an ƙara sandar Panhard, wadda ke haɗa gatari da shasi a gicciye don kada gatarin ya zame hagu ko dama. Da na kawo wa mai garejin maganar, bai ce mini komai ba sai da ya kai ni gaban wata Land Cruiser 79 da ke ajiye, ya durƙusa ya dafa sifirinta mai naɗi. Ya ce, "Alhaji, wannan nauyi kawai yake ɗauka, ba ya riƙe pon. Idan na kwance sandar nan, ko ƙofar gareji ba za ku fita da ita ba." Sannan ya dawo kan tawa ya nuna mini cewa lam a ɗaure yake da shasi gaba da baya, kuma a ƙulle yake da gatari, saboda haka shi da kansa yake yin aikin sandar.

Ya ƙara da wani bayani da ban taɓa ji ba. Ƙarshen sandar Panhard baka yake zanawa idan ƙafa na hawa da sauka, don haka yana ɗan jan gatari gefe, alhali lam sama da ƙasa kawai yake son tafiya. Idan aka haɗa su ba da lissafi ba, sai su riƙa ja-in-ja har robobi su cinye ko walda ta tsage. In kuwa dole sai an sa ta, to tsawonta da karkatarta su yi daidai da na sandar sitiyari, in ba haka ba duk ramin da aka faɗa sitiyarin zai fizge hannun direba.

Duk da haka, mako uku da karɓar motar na ji sitiyari ya yi sako-sako a hanyar Ɗan Isa. Na koma garejin raina a ɓace, ina zaton direbobin nan sun fi mai garejin gaskiya. Ya sa yaronsa ya riƙa juya sitiyari motar na tsaye, mu kuma muka tsuguna muna kallo, sai ga jikin motar yana gusawa gefe kamar faɗin yatsa biyu kafin tayoyi su motsa. Dalilin shi ne akwatin sitiyarin asali aka bari, wanda yake tura sandarsa a gicciye, ba gaba da baya irin na tsohuwar Hilux ba, ga kuma tsofaffin robobin lam da aka mayar. Ya amsa cewa barin robobin kuskurensa ne, ya sa sababbi, ya ƙara ɗaure kusoshin gatari, bai karɓi kuɗin aiki ba. Gusawar ta ragu har ido ba ya kama ta.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne alkawarin kwana goma da ya zama ashirin da uku, da kuma wuraren walda da aka bari babu fenti, har tsatsa ta fara kama su. Amma waldar kanta ta zauna da kyau, kuma mutumin ya ƙi sayar mini da ƙarfen da motata ba ta bukata, ko da yake da bakina na nema. Wata bakwai ke nan ina lodi da ita babu sandar, tayoyin gaba kuma suna cinyewa daidai wa daida.