Ƙaramar kwalejin gwamnati a Amurka: wacce ta fi dacewa da ɗan talaka?

Yawancin iyaye idan aka ce karatu a Amurka, manyan jami'o'i masu ɗalibai dubu arba'in suke hangowa. Amma akwai wasu ƙananan kwalejoji mallakar gwamnatocin jihohi, masu ɗalibai dubu ɗaya zuwa huɗu, da ke koyar da digirin farko na ilimi mai faɗi. Yaro zai taɓa lissafi, tarihi, kimiyya da rubutu, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ya tsayar da fanninsa. Shekara huɗu ne, kiredit (ma'aunin yawan darussan da aka ci) 120 a mafi yawansu. Tun da na gwamnati ne, kuɗinsu bai kai na takwarorinsu masu zaman kansu ba, sai dai baƙo yakan biya farashin wanda ba ɗan jiha ba.

A cikinsu, University of Minnesota Morris ce ta fi kwanta mini a rai. Tana garin Morris a yammacin Minnesota, gari mai mutum wajen dubu biyar, kewaye da gonakin masara da waken soya. An buɗe ta a matsayin kwaleji a 1960, a harabar da ta taɓa zama makarantar kwana ta 'yan asalin ƙasar, wato Indiyawan Amurka, daga baya makarantar aikin gona. Shi ya sa har yau Indiyawan Amurka ba sa biyan kuɗin karatu a can. Ɗalibanta ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba, kuma digirin farko kaɗai take yi. Amfanin haka shi ne farfesa da kansa ke shiga aji, shi ke duba takardar jarrabawa, ba a damƙa wa ɗalibin digiri na uku aikin ba. Wanda ya yi fashin aji sau biyu za a neme shi. Akwai kuma tsarin da ake biyan ɗalibi kuɗi ya yi bincike tare da malaminsa, kuma wasiƙar shaida daga malamin da ya san ka ciki da bai ita ke buɗe ƙofar digiri na biyu da tallafi. Takardar kammalawa kuwa sunan Jami'ar Minnesota take ɗauke da shi.

Aibinta sanyi ne da kaɗaici. A Janairu ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili, don haka a sa kuɗin babbar riga da takalmin dusar ƙanƙara cikin lissafi tun daga gida. Minneapolis, inda Somaliyawa suka cika, ga masallatai da mahautan halal, tafiyar kusan awa uku ce a mota. A tambayi ofishin ɗalibai baƙi a rubuce: ana rufe ɗakunan kwana lokacin hutun Disamba? Yaya ake yi da abincin sahur?

Truman State da ke Kirksville a Missouri ita ce ta biyu, ta fi girma, kuma ta saba ba baƙi rangwame bisa sakamakonsu. St. Mary's College of Maryland, wadda aka kafa a 1840, ba ta coci ba ce duk da sunanta. Kyakkyawa ce a bakin kogi, amma tsadarta ga baƙo ta yi yawa. New College of Florida kuwa tun da gwamna DeSantis ya sauya 'yan hukumar gudanarwarta a Janairun 2023 malamai da dama suka kama gabansu. UNC Asheville da ke North Carolina ta soke wasu sassa a 2024, har da falsafa da wasan kwaikwayo.

Wannan na ƙarshe shi ne abin da ya kamata a fi bincika: fannin da yaro ke so yana nan kuwa, kuma malamai nawa ke riƙe da shi? Sashen da ke da malami biyu, ɗaya ya tafi hutun bincike, darasin dole ya ɓace shekara guda, karatu ya koma shekara biyar. Yawancin irin waɗannan kwalejoji ba sa ba da digirin injiniya. Likitanci da lauya kuma a Amurka sai bayan digirin farko ake shigarsu. Duk dillalin da ya ce zai samo wa ɗan da ya gama sakandare gurbin likitanci a can, ƙarya yake yi.

Dillalan nan su ne babbar masifa. Neman gurbi a shafin makarantar ake yi kai tsaye, kuma adireshinta da ".edu" yake ƙarewa. Takardar I-20, wadda ake neman bizar karatu da ita, makaranta ce kaɗai ke bayarwa, ba a sayar da ita. Kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗalibai baƙi ta gwamnatin Amurka, dala 350 ne, a shafin fmjfee.com ake biya, na biza kuma dala 185. Wanda ya ce a tura masa ta asusunsa ya biya maka, a guje shi. Mafi muni shi ne takardar banki ta aro, inda ake zuba kuɗi a asusun uba na kwana biyu a kwashe. Jami'in biza ya ga irinta ba adadi, kuma in aka kama mutum da ƙarya ana iya haramta masa shiga har abada. A duba sunan makarantar a jerin waɗanda gwamnati ta amince su karɓi baƙi, a duba hukumar da ta tantance ta: Higher Learning Commission ce ta Morris da Truman. A 2019 an bankaɗo cewa University of Farmington a Michigan tarko ce da hukumar shige da fice ta kafa da kanta, ba aji ba malami, aka kama ɗalibai da dama. A lura da sunaye masu kama da juna kuma, domin akwai wata Saint Mary's a Indiana, wata a Kalifoniya, duk masu zaman kansu.

Kada a yarda da zancen "zai yi aiki ya biya wa kansa". Bizar ɗalibi ta F-1 awa 20 na aiki a mako ta yarje lokacin karatu, a cikin harabar makaranta, abin da zai samu na sabulu ne da katin waya. Tun 2025 kuma Amurka ta yi ta tsaurara biza ga ƙasashe ciki har da Chadi, Sudan, Nijar da Najeriya, saboda haka a karanta sanarwar ofishin jakadanci kafin a biya ko sisi. Shawarar EducationUSA, ofishin gwamnatin Amurka mai ba ɗalibai shawara, a Abuja da Legas ta fi ta kowane dillali.