Sharhi kan ofishin lauyoyin da ya kare ni a tuhumar cin zarafi a cikin gida

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne lauyar ba ta yi mini alkawarin nasara ba. Ta bayyana mini dalla-dalla cewa doka tana ɗaukar wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai masu gabatar da ƙara sun tabbatar da laifinsa, kuma ina da 'yancin yin shiru kafin ta iso. Ta ja kunnena kada in goge saƙonnin wayata, kada kuma in tuntuɓi mai ƙara ko ta hannun dangi, domin saɓa sharaɗin beli yana iya mayar da ni tsare. Inda ofishin ya gaza shi ne amsa waya, domin sai a kwana biyu babu wanda ya ɗaga.