Wata uku ina tantance lambobi da Pydantic

Abin da ya kai ni ga Pydantic, manhajar tantance bayanai ta harshen kwamfuta na Python, lamba ɗaya ce tak: 19.99. Muna karɓar bayanan awo daga na'urori, dokar kuma ita ce kada lamba ta wuce gurbi biyu bayan ɗigo. Da farko na rubuta dokar a JSON Schema, wato tsarin rubuta dokokin da bayanai za su bi, na ce dole kowace lamba ta rabu da 0.01 ba saura. Sai ga 19.99 an yi watsi da ita. Na yi ta zargin kaina har dare ya raba, ashe kwamfuta ce ke raba ta da 0.01 ta samo 1998.9999999999998. Haka ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, wadda kwamfuta ke bi wajen lissafin lambobi masu ɗigo, take, lissafin sifiri da ɗaya ba ya iya riƙe 0.01 cif-cif.

A Pydantic, sigar ta biyu wadda ta fito a 2023, sai na ayyana filin lambar a matsayin Decimal, nau'in da ke riƙe lamba cif-cif yadda aka rubuta ta, na sa max_digits (jimillar gurabe) goma, decimal_places (gurabe bayan ɗigo) biyu. Shi ke nan. Ba rabawa yake yi ba, ƙirga guraben yake yi kamar yadda mutum zai ƙirga da ido. 19.99 ta wuce lafiya lau, 19.995 kuwa ya tare ta, ya kuma faɗi sunan filin da laifinsa. Wannan ya fi min komai daɗi, domin rumbun adana bayanai na PostgreSQL, in ka ba filinsa na lamba (NUMERIC) mai gurbi biyu lamba mai uku, gyara ta yake yi shiru ya adana, ba za ka ji ko tari ba.

Akwai inda sai ka buɗe ido. Iyaka kawai Pydantic ya sa, bai tilasta gurbi biyu ba, don haka 5.5 za ta wuce, 5.500 ma haka, tunda ba ya lissafa sifirin ƙarshe. In kuma ka riga ka haɗa 0.1 da 0.2 a float, wato nau'in lamba mai bin wancan lissafi na sifiri da ɗaya, kafin ka miƙa masa, 0.30000000000000004 zai gani, ya ƙi karɓa, kuma da gaskiyarsa. Shi ya sa na roƙi masu aiko mana bayanai su riƙa turo lambar a matsayin rubutu. Biyu daga cikinsu har yanzu suna gunaguni.

Sauri dai ban ga abin kuka ba, da Rust, harshen kwamfuta mai sauri, aka rubuta cikinsa.