ADAT ko S/PDIF? Amsa ga ɗan'uwanmu na Sabon Gari

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kana son ɗaukar mawaƙi da 'yan amshi da masu kalangu a zama ɗaya, amma ramukan makirufo na akwatin sautinka, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, sun yi kaɗan. Ga S/PDIF da ADAT a bayansa, ramuka iri biyu na karɓar sauti daga wata na'ura, wanne za ka bi? Kuma me ya sa kiɗan ya riƙa ƙas-ƙas da ka aro wata na'ura ka jona?

ADAT za ka bi. S/PDIF, wanda Sony da Philips suka fito da shi, layi biyu kawai yake ɗauka, hagu da dama. Ya ishi fiyano, bai ishi taron makaɗa ba. Shi kuwa ADAT na kamfanin Alesis, layi 8 yake turawa ta siririyar wayar haske guda a kan 44.1 ko 48 kHz, wato sau dubu nawa ake yanka sautin a daƙiƙa. In ka hau 96 kHz sai su koma 4, don haka ka tsaya a 48. Na'ura irin Behringer ADA8200 za ta ƙara maka ramukan makirufo 8 nan take.

Ni abin da ya ƙara sa nake son wayar haske a Zariya shi ne wutarmu. Yau NEPA, gobe janareto, ga wayoyin gidajen haya yadda suke. Haske ba ya haɗa na'ura biyu ta lantarki, saboda haka gurnanin wuta ba ya bi ta cikinta. Sai dai ba ta son nisa, kar ka wuce mita 5, kuma ba ta son lanƙwasa. In hunturu ya shigo, a riƙa toshe ramin da murfinsa saboda ƙura.

Da wayar za ta yi tafiya mai tsawo, da AES3, wata hanyar tura sauti ta wayar lantarki, zan ce maka: layi biyu ne shi ma, amma yakan kai mita 100. Ɗakinka bai buƙaci wannan ba.

To, ƙas-ƙas ɗin nan ba lalacewa ba ce, agogo ne. A kan 48 kHz, kowace na'ura tana yanka sauti sau 48,000 a daƙiƙa da nata agogon, kuma ba a samun agogo biyu da ke tafiya daidai wa daida. In kowace ta bi nata, sai wani yanki ya faɗi ko ya maimaitu, kunnenka ya ji ƙas. Dole ɗaya ta zama liman, saura mamu. Tunda waya ɗaya gare ka, daga na'urar aro zuwa akwatinka, na'urar aron ce liman, don agogo yana bin wayar ne tare da sautin. Ka bar ta a kan nata agogon, ka shiga saitin akwatinka ka sauya agogonsa daga Internal, wato nasa na ciki, zuwa ADAT, dukansu a 48.

In kana son akwatinka ya ja gaba, sai ka ƙara waya ta biyu mai komawa, ko wayar agogo mai kan BNC, wanda ake murɗawa ya kulle, mai om 75 (ma'aunin wayar ke nan), in duka biyun suna da ramin. Duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, ka leƙa saitin kafin mawaƙi ya buɗe baki.