Farantin q a ɗakin gwaji: abin da ya nuna mana da abin da ya kamata mai saye ya sani

Wata huɗu ke nan da faranti biyu na gilashi suka iso ɗakin gwajinmu na fiziks, kowanne faɗinsa inci 1, wato kusan faɗin murfin kwalbar lemo, kuma bayan na gwada su tare da ɗaliban ajin ƙarshe na ga ya dace in rubuta abin da na gani domin malamai masu niyyar saye. Ana kiransu farantin q, aikinsu kuwa shi ne ɗauke wani kaso na ƙarfin juyin da haske ke ɗauke da shi daga wani nau'i su mayar da shi wani nau'in.

Ƙarfin juyi iri biyu ne. Akwai juyin kai, irin na katantanwar da yaro ya murza a ƙasa, akwai kuma na zagaye, irin na abin da ke kewaya wani abu. Ɗalibai sun fi saurin gane musayar da ke tsakaninsu idan aka kawo musu misalin duniya da wata: tudu da janyewar ruwan teku na rage saurin juyin duniya, abin da ta rasa kuma yana komawa ga zagayen wata, shi ya sa yake nisantarmu da kimanin santimita 3.8 a kowace shekara. Haske ma yana da nau'o'in biyu. Richard Beth ya auna juyin kai na haske a 1936, Les Allen da abokan aikinsa a Leiden suka nuna a 1992 cewa haske mai murɗaɗɗiyar fuska yana ɗauke da na zagaye, sannan a 2006 Lorenzo Marrucci da Carlo Manzo da Domenico Paparo suka ƙera farantin farko a birnin Napoli na Italiya. Ƙaramin gilashin da ke hannunmu jikan wancan aikin ne.

Mun yi amfani da leza ja mai tsawon zango nanomita 633, muka fara sanya farantin kwata-zango a gaba domin hasken ya zama mai murɗawa hagu, wato juyin kansa ya zama na hagu, sannan muka aika shi ta tsakiyar farantin q. Ɗigon jan hasken da ke kan farar takarda sai ya buɗe ya zama zobe mai baƙin rami a tsakiya, kamar gammo, kuma na ga yadda ɗaliban da suka shekara suna haddace lissafin suka yi tsit suna kallo. Da muka haɗa wannan hasken da wani wanda bai bi ta farantin ba, layukan da suka bayyana sun rabu a tsakiya kamar cokali mai yatsu, da muka juya murɗawar hasken zuwa dama kuwa, sai cokalin ya kife. A nan farantin ya biya kuɗinsa, domin babu wani zane a allo da zai gamsar da ɗalibi cewa alkiblar juyin kai ce ke yanke alkiblar zagaye kamar yadda kifewar nan ta yi.

Sai dai akwai abin da na fi so mai saye ya lura da shi, kuma takardar da kamfanin ya haɗo da kayan ba ta fayyace shi ba. Kowane farantin yana juya hasken hagu ya koma dama, ma'ana kowace ƙwayar haske tana rasa awo biyu na juyin kai. Bambancin farantanmu biyu yana ga lambar q, wadda ke nuna yawan juyawar tsarin da ke cikin farantin kewaye da cibiyarsa: farantin da lambarsa ta q take 1 yana ba ƙwayar awo biyu na zagaye, saboda haka abin da ya fita daga aljihun dama shi ne ya shiga na hagu, gilashin bai ci komai ba. Wanda lambarsa take rabi kuwa awo ɗaya kawai yake bayarwa, ragowar ɗayan yana komawa jikin farantin a matsayin wata murɗa ƙanƙanuwa wadda hannu ba zai taɓa ji ba. Dukkansu suna fitar da zobe mai kyau, amma na farkon ne kaɗai yake nuna cikakkiyar musaya. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne masu sayarwa da yawa suna rubuta wata lamba daban wadda ta ninka q sau biyu, har malami ya ga 1 a jikin kwali ya ɗauka ya samu abin da yake nema, alhali na rabi ya saya. Mu ma da ba mu yi odar biyun ba, da haka ta faru da mu.

Ta fuskar aiki, farantin yana da kyau amma ba ya yafe ganganci. Dole ne hasken ya faɗa daidai cibiyarsa, in ya kauce kaɗan sai zoben ya yi kauri a gefe ɗaya ya sirance a ɗayan, don haka mariƙi mai sukurorin saiti wajibi ne, kuma ba ya zuwa tare da shi. Namu na zango guda aka ƙera su, da muka gwada koriyar leza sai ramin tsakiya ya cike da haske. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba, domin ƙwayar ƙura guda a kusa da cibiya tana ɓata hoton gaba ɗaya, shi ya sa muke mayar da su cikin akwatinsu da zarar an tashi daga aji, kuma da iska muke hure su ba da ƙyalle ba.

Kuɗinsa da dala ake biya, kuma yana da nauyi ga sashen da ke lissafin kowace naira. Duk da haka ba ya buƙatar wutar lantarki shi kansa, babu abin da ke motsi a cikinsa balle ya lalace, kuma rukuni bayan rukuni na ɗalibai za su amfana da shi. Sashen da ke da leza ja da farantin kwata-zango, kuma kuɗinsa bai wuce na faranti ɗaya ba, ina ba shi shawarar ya sayi mai lamba q 1, ya kuma tabbatar da hakan a rubuce daga mai sayarwa kafin ya tura kuɗi.