Mai tsawa da mai jawo yara a jiki: masu injin shinkafa biyu

A injinan casar shinkafa na garin Kura da ke jihar Kano, masu gida iri biyu ne. Na farko da tsawa yake tafiyar da aiki. Yana tsaye, buhuna na tashi. Ya juya baya, hannu ya yi sanyi. Injin ya fara wani baƙon ƙara, yaron da ke kansa ya ji amma ya yi gum, don ya san shi za a ɗora wa laifi. Sai bel ya tsinke ana tsakiyar kaka.

Na biyun yakan zo da safe ya tambayi yaransa kwanan iyali. Yana biyan lada ranar da ya yi alkawari, ya sayo takunkumin hanci saboda ƙurar ɓuntu, ya kashe inji lokacin azahar a yi salla a ci abinci. Wannan ma ba alfarma ba ce: dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba wanda ya yi aikin awa 6 hutun awa 1.

Shi ma yana da tasa matsalar, don wani yaron kan ɗauki sauƙin kai rauni ne. Duk da haka ni wajensa zan kai ƙanena, ko ladansa bai kai na mai tsawa ba.