Mai ɗinkin rigar nono a Birni, ga waɗanda aka yi ma aiki irina

Salam 'yan uwa mata. Na jima ina son in rubuta wannan dan na san muna da yawa nan Damagaram masu haƙuri shiru. Shekara uku ke nan da aka cire min nonon hagu saboda ciwon kansa, wato ciwon daji, aka haɗa da kaluluwar hammata, na yi shimiyo (maganin kansa da ake sa wa mutum ta jijiya), na je Yamai cibiyar kansa aka yi min radiyoterapi (gashi da hasken na'ura), kun dai san tafiyar nan kusan kilomita 900 cikin bas ga jiki ba ƙarfi. Alhamdulillah cutar ta kwanta. Amma ciwon wurin bai tafi ba har yau.

Tabon wani lokaci kamar an barbaɗa barkono, cikin damtsena kuma ya mutu ba na jin tsunguli, amma riga ta ɗan goga wurin sai in ji kamar allura. Likita ya ce min akwai jijiyar da ke bi ta hammata zuwa damtse, wajen cire kaluluwa ne ake taɓa ta ko a yanke, shi ya sa paracetamol ba ya yi min komai, sai ya rubuta amitriptyline in riƙa sha da dare. Ya rage gaskiya, ina samun barci. Da rana ne matsalar, kuma rabin matsalar tufafi ne.

Ba irin rigar nonon da ban saya ba a kasuwar Dole, sabuwa da gwanjo. Mai ƙarfe a ƙasa tana zama daidai kan tabo, ta nailan kuma in Afrilu ya shigo zafi ya wuce 40 ga tamoxifen, ƙwayar maganin kansa, da ke sa ni zufa dare da rana, kafin azahar fatar ta yi ja tana raɗaɗi. Na koma ba na sa komai, in cusa ɗankwali in rufa da hijabi, in na yi ruku'u ya zame. Biki da suna duk na daina zuwa, har dangi suka fara cewa na canza.

Wata baiwar Allah da muka haɗu a layin ganin likita ita ta kwatanta min wata mai ɗinki. Cikin gidanta take ɗinki a Birni, ba nisa da fada, keke ɗaya da 'yan koyo mata biyu, ba namiji ko ɗaya, wannan kaɗai ya kwantar min da hankali. Ta shigar da ni ɗaki ta saki labule ta ce "ƙanwata nuna min inda ke cizonki, kar ki ji kunyata". Wallahi sai da na yi hawaye, dan tun da aka yi aikin in ban da likita ba wanda ya tambaye ni haka. Ta ce in ɗora yatsa duk inda ba na son a taɓa, ita kuma tana sa alama da alli a kan wata tsohuwar riga.

Abin da ta ɗinka auduga ce zalla mai laushi, kuma dabarar da ta fi burge ni ita ce ta juyar da bakin ɗinkin waje gaba ɗaya, ta ciki sumul ba abin da ke gogar fata. Hammatar ta zurfafa ta ƙasa da tabo, kafaɗa mai faɗin yatsa uku dan kar ta shaƙe hannun, tunda wadda aka cire ma kaluluwa hannunta na iya kumbura in abu na matse shi. Ta gaba ake buɗewa da manyan maɓallai, na ce mata Hajiya kan yatsuna tun shimiyo ba sa jin ƙananan ƙugiyoyin nan, ta ce to an gama. Sai aljihu a gefen hagu da ake sa ciko.

Cikon nan ne muka sha fama. Na farko audugar ta dunƙule wanki ɗaya, kuma ba nauyi sai rigar ta riƙa hawa sama. Na mayar mata, ba ta ɓata rai ba, ta sake shi da audugar rimi cikin 'yar jaka da ake cirewa kafin wanki, yanzu ya fi amma har yanzu in na ɗaga hannu sosai yana ɗan motsawa. Sannan tana da jinkiri, na kai gab da Sallah sai da na yi sati uku, kuma waya ba ta cika ɗauka ba sai dai ki taka da ƙafarki.

Jika uku da rabi na biya kowace, na yi uku dan in riƙa canzawa lokacin zafi. Ta ƙara min da ɗan matashi na sa wa a hammata, shi nake riƙewa cikin adaidaita saboda gargada, da dare kuma in ɗora hannu a kai. Na tambaye ta ko za ta ɗinka min safar hannu ta kumburi, ta ce a'a wannan aikin likita da masu kine (masu motsa gaɓoɓi a asibiti) ne, sai an auna, kar ta yi min abin da zai cutar da ni.

Ciwon yana nan, da hunturu ma fatar na bushewa sai na yi ta shafa man kaɗe marar turare. Amma makon jiya na je sunan ɗiyar ƙanwata a Zango tun hantsi, ban tashi ba sai bayan la'asar.